Shuɗin Hasken da ke Bangon Ɗakinka: Sai da Aka Yi Shekara 30 Ana Nemansa

A bara na raka wani abokina ganin ɗakin da ya kama haya gab da bikinsa. Ciki ɗaya da falo ne, falon ma idan ka ajiye kujera ɗaya ka shimfiɗa tabarma, to magana ta ƙare. Da aka idar da magariba ya ce in tsaya in ga wani abu. Ya kashe ƙwan tsakiya, ya danna wani ɗan rimot, sai bangon ya ɗauki shuɗin haske tun daga gefen silin har kusan ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga yadda ɗakin ya buɗe?" Na ce na gani. Igiyar fitilar kuwa, a faɗarsa, kuɗinta bai kai na takalmin da ya saya na ɗaurin aure ba.

Kai ma mai karatu ka san irinta. Tana shagon aski, tana bayan talabijin, tana cikin adaidaita sahu, tana ɗakin amarya. Ta zama ruwan dare, har ba wanda yake tsayawa ya tambayi daga ina ta fito. Amma ka sani cewa a shekarar 1990, ko da kai ne mafi kuɗi a duniya, ba za ka samu wannan igiya ka saya ba, don babu ita. Manyan kamfanonin lantarki na Amurka da Turai da Japan sun zuba kuɗi da ƙwararru a kan neman ɗan ƙwan da zai ba da shuɗin haske mai ƙarfi, yawancinsu suka gaji suka haƙura. Labarin yadda aka same shi ne zan ba ka, daga nan mu dawo ɗakin abokina mu duba ko da gaske shuɗin ne ya buɗe shi.

Me ya sa shuɗi ya yi wuya?

Fara da abin da ka sani. Aci-balbal, kyandir, fitilar ƙwai, duk haskensu ja-ja ne mai ruwan ɗorawa. Ƙwan lantarki irin na da, wanda Thomas Edison ya fitar a 1879, shi ma haka. Dalilin ɗaya ne: duka da zafi suke yin haske. Idan ka taɓa tsayawa a maƙera ka ga yadda ƙarfe yake fara yin ja a wuta, ya koma ruwan lemo, in zugar ta yi ƙarfi ya doshi fari. Yadda zafi yake ƙaruwa, haka launin yake matsawa wajen shuɗi. Zaren da ke cikin tsohon ƙwan lantarki yana kaiwa kimanin digiri 2,500 a ma'aunin Salshiyas, kuma ƙarfen da ake yin sa da shi yana narkewa a wajen digiri 3,400. Kafin ka kai zafin da zai ba ka shuɗi, zaren ya daɗe da narkewa.

Saboda haka dabarar da ake yi a da ita ce a shafa wa gilashin ƙwan shuɗin fenti. Fentin ya tare ja da rawaya, ya bar ɗan guntun shuɗin da ke ciki ya wuce. Ka biya kuɗin wuta cikakke, ka samu haske kamar na kibiya, ga zafi. Akwai kuma dogayen bututun gilashi na tallan shaguna, waɗanda Bafaranshe Georges Claude ya fara nunawa a birnin Paris a 1910. Iskar niyon tana ba da ja, idan ana son shuɗi sai a yi amfani da iskar agon da tururin zaiba. Suna da kyau, amma suna buƙatar dubban bolt na wuta, kuma gilashi ne mai saurin fashewa. Ba abin da za ka liƙa a bangon ɗaki ɗaya ba ne inda yara suke guje-guje.

Wani zai ce ai mu mun daɗe da sanin shuɗi, ga marinar Ƙofar Mata a Kano da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rini da baba. Gaskiya ne, sai dai rini da haske ba abu ɗaya ba ne. Shuni yana haɗiye sauran launukan da ke cikin hasken rana ne ya dawo maka da shuɗi. Ka shigar da rinannen zane ɗaki mai duhu, ba za ka ga komai ba. Abin da masu bincike suke nema shi ne abin da zai haifi shuɗin da kansa.

Nan ne fitilar LED ta shigo. Ita ba da zafi take aiki ba. A cikinta akwai ɗan ƙaramin kiristal, wato daskararren abu wanda ƙwayoyinsa suka jeru sahu-sahu kamar na gishiri, kuma an raba shi gida biyu. Gida ɗaya yana da rarar elektiron, ɗaya gidan kuma yana da gurabe, wato wuraren da elektiron ya kamata ya zauna amma babu shi. Idan ka haɗa batir, elektiron zai taho ya faɗa cikin gurbi, kuma a wannan faɗawar yake sakin ƙarfin da ke tare da shi a matsayin haske. Ka ɗauka kamar sakin dutse ne. Wanda aka sako daga kan katanga ba zai yi ƙarar wanda aka sako daga saman bene ba. Gajeriyar faɗuwa tana ba da ja, doguwa tana ba da shuɗi. Masu gyaran rediyo sun san wannan a aikace ko da ba su san dalilin ba: jan ƙwan LED yana kamawa da ƙasa da bolt 2, shuɗi kuwa sai an ba shi wajen bolt 3.

Tsawon faɗuwar kuma ba kai kake zaɓa ba, sinadarin da aka yi kiristal ɗin da shi ne yake yanke hukunci. Duk rikicin shekara 30 ɗin a nan yake.

Daga ja zuwa tsayawa cak

Tun a 1907 wani Bature ɗan Ingila, Henry Round, da ke aiki tare da Marconi mai rediyo, ya lura cewa wani dutse da ake kira silikon kabayid yana ɗan haske idan an sa masa wuta. Ya rubuta gajeriyar wasiƙa ga wata mujalla ya ci gaba da harkarsa. A shekarun 1920 wani matashi ɗan Rasha, Oleg Losev, ya yi nazarin abin sosai ya wallafa, amma ya mutu a 1942 lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya, kafin duniya ta san darajar aikinsa.

Sai a 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka ya yi jan LED da ido yake gani. Wannan ne ɗan jan ɗigon da ke jikin tsofaffin rediyo da kalkuleta. Zuwa farkon shekarun 1970 an samu rawaya da wani kore marar ƙarfi. Kowa ya ɗauka shuɗi yana tafe nan da 'yan shekaru.

Kuma ba don ado ake nemansa ba. Idan ka haɗa jan haske da kore da shuɗi, fari kake samu. In babu shuɗi, babu farin hasken da za a haska ɗaki, babu allon da zai nuna hoto da cikakken launi. LED zai ci gaba da zama ɗan ɗigon da yake gaya maka cewa rediyo a kunne take, shi ke nan.

Kamfanin RCA, wanda a lokacin shi ne sarkin talabijin a Amurka, yana mafarkin talabijin mai faɗi da za a rataya a bango. Wani matashin ma'aikacinsu, Herbert Maruska, shi da James Tietjen, suka yi nasarar shuka kiristal na wani sinadari mai suna galiyom naitirayid a 1969. Wannan sinadari faɗuwarsa doguwa ce, har ta wuce shuɗi kaɗan. A 1972 Maruska ya samu wani haske mai shuɗi-shuɗi daga gare shi, amma dishi-dishi. Bayan shekara biyu, a 1974, kamfanin ya shiga matsalar kuɗi ya rufe aikin. Ka riƙe wannan a ranka: suna kan hanyar da ta dace, aljihu ne ya tsayar da su.

Galiyom naitirayid yana da taurin kai iri biyu. Na farko, kiristal ba a sama yake tsirowa ba, sai an shuka shi a kan wani kiristal ɗin, kuma dole jerin ƙwayoyinsu ya yi kusan daidai. Abin da ake da shi mai jure zafi shi ne dutsen safaya, wanda jerinsa ya saɓa da na galiyom naitirayid da kimanin kashi 16 cikin 100. Sakamakon shi ne kiristal mai tsaga-tsaga kamar busasshiyar fadama. Na biyu, an iya yin gidan elektiron, amma gidan gurabe ya ƙi yiwuwa ko ta wace hanya. LED mai gida ɗaya kuwa kamar tafi ne da hannu ɗaya.

Don haka kusan kowa ya koma kan wani sinadari dabam, zink selenayid, wanda ya fi sauƙin shukawa. A shekarun 1980 idan ka je taron masana, ɗakin masu zink selenayid cike yake, na masu galiyom naitirayid kuwa 'yan tsiraru ne. Matsalar da ba a so a kalla ita ce, fitilun zink selenayid suna kamawa amma ba sa daɗewa suke mutuwa.

Malami da ɗalibinsa a Nagoya

Cikin 'yan tsirarun akwai Isamu Akasaki. Ya fara aikin a kamfanin Matsushita, ya koma Jami'ar Nagoya a 1981 da shi. A 1982 wani ɗalibi mai suna Hiroshi Amano ya shiga ɗakin bincikensa. Kuɗinsu kaɗan ne, har na'urar shuka kiristal ɗin da hannunsu suka harhaɗa ta. Amano ya yi gwaji sama da 1,500 cikin kimanin shekara uku, duk abin da yake fitowa kamar gilashin da aka goge da yashi.

Bari in ɗan tsaya a nan. Ni da nake rubuta wannan, gwajina ya taɓa ƙin ci sau goma sha wani abu a jere, na fara tunanin ko in canja maudu'i ko in koma kasuwa wajen baffana. Dubu ɗaya da ɗari biyar ba lamba ba ce kawai, sau dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ko abin da ya yi kusa da haka, mutum ya buɗe tanda ya ga babu.

A 1985 abin ya ci. Ana shuka galiyom naitirayid ne a zafin da ya kai digiri 1,000. Kamar yadda ake ba da labarin, a ranar tandar ba ta kai zafin da aka saba ba, sai Amano ya gwada wata shawara da suka taɓa tattaunawa: ya fara shimfiɗa siririn aluminiyom naitirayid a ƙaramin zafi, sa'an nan ya shuka na gaske a kansa. Duk wanda ya ga birkila yana sa tayil ya san hikimar. Ba a ɗora tayil a kan ƙasa mai tudu da kwari, sai an fara daidaita ta da siminti. Da ya buɗe tandar ya ga abin sumul kamar madubi, har ya yi zaton ya manta bai saki iskar sinadarin ba ne.

Taurin kai na biyu ya faɗi a 1989. Sun zuba magniziyom a cikin kiristal ɗin, suka lura cewa idan aka harbe shi da elektiron a cikin na'urar duba ƙananan abubuwa, haskensa yana ƙaruwa. Da suka auna, sai ga gidan gurabe ya samu. Sun samu abin, amma ba su gama gane dalilin ba, kuma hanyar tana da jinkiri, ba ta masana'anta ba ce.

Mutumin da ba shi da digirin dakta

A tsibirin Shikoku, a wani ƙaramin gari mai suna Anan, akwai kamfanin Nichia da ke yin garin fosfo, wato hodar da ake shafawa a cikin doguwar fitila da allon talabijin. Shuji Nakamura ya fara aiki a can a 1979 da digiri na biyu. Ya yi kusan shekara goma yana ƙera kayayyakin da ba su samu kasuwar kirki ba. A 1988 ya je wajen mai kamfanin, tsoho Nobuo Ogawa, ya ce yana son ya nemi shuɗin LED. Tsohon ya amince, aka ware masa kimanin dala miliyan 3, kuɗi mai yawa ga kamfani irin wannan.

Ya tafi Jami'ar Florida na shekara ɗaya don koyon na'urar. A can, a faɗarsa, an ɗauke shi kamar ɗan aike saboda ba shi da digirin dakta kuma bai wallafa komai ba. Abin ya yi masa ciwo. Ya sha faɗa cewa ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ya zaɓi galiyom naitirayid shi ne, fagen babu cunkoso, zai fi sauƙin wallafa maƙalu ya samu digirin. Wato ba wahayi ba ne, lissafi ne irin na ɗalibi, kuma ni wannan ne ya fi burge ni a labarin.

Abin da ya fi sauran shi ne hannu. Shekarun da ya yi yana walda bututu da gyaran tanda da kansa sun sa ba ya jiran injiniya. Da safe ya kwance na'ura ya gyara, da rana ya yi gwaji, gobe ma haka, fiye da shekara guda. A 1990 ya fito da tsarin iska biyu: ɗaya tana tafe a kwance ɗauke da sinadarai, ɗaya tana dannowa daga sama tana matse ta a kan safayar. Kiristal ɗinsa ya fi na kowa kyau. A 1992 ya warware abin da ya ɗaure wa mutanen Nagoya kai. Ashe hayidirojin ne, daga iskar amoniya da ake amfani da ita wajen shukar, yake maƙale wa magniziyom ya hana shi aiki. Ba a buƙatar harbi da elektiron, a gasa kiristal ɗin kawai a sama da digiri 700 cikin iskar da babu hayidirojin, sai ya fice. Matsalar da ta tsayar da duniya wajen shekara ashirin, maganinta gashi ne.

Saura launi. Ya saka siririn hawa mai ɗauke da indiyom a tsakanin gidajen biyu, wanda ya rage tsawon faɗuwar ta dawo daidai shuɗi. A watan Nuwamba na 1993 Nichia ta sanar da shuɗin LED da ya fi waɗanda ke kasuwa haske kusan sau 100. Shekara 31 ke nan bayan jan Holonyak. Nakamura ya samu digirin daktan nasa a 1994.

Daga baya zumunci ya ɓaci. Ladan da kamfanin ya ba shi a kan muhimmiyar ƙirƙirar shi ne yen 20,000, ƙasa da dala 200. Ya bar aiki a 1999 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ya kai ƙara a 2001. A 2004 wata kotu a Tokyo ta ce a biya shi yen biliyan 20. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, a 2005 aka sasanta a kan yen miliyan 840, kimanin dala miliyan 8, kuma ya fito fili ya ce bai gamsu ba. Adalci ne in faɗa maka cewa kamfanin ya musanta labarin gwarzo shi kaɗai, ya ce aikin na ma'aikata da yawa ne kuma shi ya ɗauki kasadar kuɗin. A ganina duka biyun suna da gaskiya, sai dai yen 20,000 ɗin nan ba ta da kariya. A 2014 aka ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks. Holonyak bai samu ba, Maruska ma haka.

Farin ƙwanka ma shuɗi ne

In kana da mataccen ƙwan LED a gida, cire farar hular robar ka duba. Za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo masu launin rawaya. A ƙarƙashin kowane ɗigo shuɗin LED ne. Rawayan hodar fosfo ce, tana shan wani ɓangare na shuɗin ta mayar da shi rawaya, sauran ya wuce, idonka ya haɗa su ya ga fari. Nichia ta fitar da wannan a 1996, kuma ka tuna fosfo ita ce sana'arsu tun asali.

Wato tocilar da mai shayi yake ratayawa, da fitilar sola da ɗalibi yake karatu da ita a ƙauye, da filashin wayarka, duk 'ya'yan wancan shuɗin ne. Ƙwan da ke cin wat 8 ko 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60, shi ya sa ɗan ƙaramin faifan sola da batir suke iya riƙe ɗaki har dare ya raba. Kwamitin Nobel da kansa ya ambaci mutane sama da biliyan 1.5 da ba su da wutar gwamnati a lokacin. Wanda ya tashi yana wanke gilashin fitilar ƙwai kullum da yamma, yana zuwa sayen kananzir a kwalba, ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

To, mu koma ɗakin abokina

Shin shuɗin ne ya buɗe ɗakin? Masu adon gida sun daɗe suna cewa shuɗi yana ja da baya, ja kuma yana matsowa. Akwai tushen maganar. Idan kana hanyar Jos ka hango duwatsu daga nesa, za ka gan su da shuɗi-shuɗi, saboda iska tana warwatsa shuɗin haske fiye da sauran, don haka ido ya saba haɗa shuɗi da nisa. Amma da masu bincike a Jami'ar Mainz ta Jamus suka gwada abin, suna nuna wa mutane ɗakuna masu launi dabam-dabam suna tambayarsu girman, sai suka ga hasken bangon ne yake sa a gan shi da nisa, launin kansa tasirinsa kaɗan ne. Abin da igiyar abokina ta yi shi ne ta wanke bangon da haske ta kore inuwar kusurwa, kuma ido ba ya ganin inda hasken yake fitowa. Da fari ya kunna a wuri ɗaya, da ɗakin ya buɗe haka ko fiye.

Shuɗi zalla kuma yana da nasa haraji. Ƙwayoyin da suke ganin shuɗi a cikin idonka ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu ganin launi ba, kuma a tsakiyar wurin da ya fi kaifin gani kusan babu su. Ga shi ido ba ya tattara shuɗi daidai a inda yake tattara sauran launuka. Shi ya sa rubutun shuɗin fitila yake yin hazo-hazo da dare, shi ya sa ba za ka iya tsintar shinkafa ko zura zare a allura a ƙarƙashinsa ba. Jan abu kuwa baƙi yake komawa, don babu jan da zai mayar maka. Gwada kallon miyar tumatir a wannan hasken ka ji yadda sha'awar abincin za ta gudu. Da damina kuma ƙwari da yawa sun fi bin haske mai shuɗi-shuɗi, in tagarka babu raga ka gayyato baƙi.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. A ƙarƙashin shuɗin haske ba za ka gane rawayar shawara a ido ko fatar jariri ba. Ɗakin amarya na bana shi ne ɗakin mai jego na baɗi, don haka jariri a kwanakinsa na farko a riƙa duba shi a hasken rana, kusa da ƙofa ko taga, in an ga rawaya a tafi asibiti. Abin mamakin shi ne, da shuɗin haske ake maganin shawarar jarirai a asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya, Jean Ward, ce ta lura a 1956 a asibitin Rochford na Ingila cewa jariran da take fitarwa rana rawayarsu tana raguwa, likitoci suka bi diddigi suka wallafa a 1958. Amma fitilar asibiti an auna ƙarfinta da nisanta, ana rufe idon jaririn, ana gwada jininsa. Igiyar ado ba za ta yi wannan aikin ba, kada wani ya ce maka za ta yi.

Sai barci. A lokacin da Nakamura yake fama da tandarsa, ba wanda ya san cewa a cikin ido akwai wasu ƙwayoyi na uku da ba don gani aka yi su ba. A 2002 David Berson da abokan aikinsa a Jami'ar Brown suka nuna su. Aikinsu shi ne su gaya wa agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa ko rana ce ko dare, kuma hasken da ya fi tada su shi ne mai tsawon zango kimanin nanomita 480. Shuɗin igiyar ado yana wajen 465 zuwa 470, kusan a bakin ƙofarsu. Idan suka ji shi da dare, jiki yana jinkirta sakin melatonin, sinadarin da ke shirya ka don barci.

Ba na son in tsorata ka fiye da kima, don an yi wa wannan batu ƙarin gishiri da yawa, musamman masu sayar da tabarau. Wani babban nazari na Cochrane a 2023 bai ga wata hujja mai ƙarfi ba cewa tabarau masu tare shuɗi suna rage gajiyar ido. Abin da ke aiki shi ne ƙarfin hasken, da tsawon lokacin, da kuma sa'ar da aka kunna shi. Mutane ma sun bambanta ƙwarai: wani bincike a Ostireliya a 2019 ya samu bambancin da ya wuce ninki 50 tsakanin wanda hasken dare ya fi taɓawa da wanda bai dame shi ba. To amma a nan ne ƙaramin gida yake da tasa matsalar. A babban gida falo dabam, ɗakin kwana dabam. A ɗaki ɗaya kuwa, hasken da maigida yake hira a ƙarƙashinsa har sha biyun dare shi ne a kan fuskar yaron da zai tashi makaranta da safe. Wasu ma suna barinsa a kunne har asuba a matsayin fitilar barci, alhali a duk launukan da ke jikin rimot ɗin, shi ne mafi rashin dacewa da wannan aikin. Ja ko ruwan lemo mai rauni ya fi.

Na gaya wa abokina duk wannan a daren, ya saurare ni da haƙurin da ake yi wa 'yan boko, bai canja komai ba. Bayan biki da wata biyu na koma gaishe su, na tarar bangon ya koma ruwan lemo. Na tambaya ko maganata ce ta yi aiki. Ya ce a'a, amarya ce ta ce shuɗin yana mayar mata da jan lalle baƙi, kuma ba ta gane ko nama ya soyu. Shuɗin yanzu sai ranar da ake kallon ƙwallo.